Birkin da ke jikin ɗan Adam: Yadda bairos ke tsinka shi har ciwon daji ya samu hanya

Garin Aliero a Jihar Kebbi ya yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. Mutane kan taso daga garuruwa masu nisa su kawo wanda ya karye, maɗori ya daidaita ƙashi ya ɗaure, sauran aikin kuma jiki ne ke yin sa. Cikin 'yan makonni sabon ƙashi yana tsirowa a bakin karayar, ya haɗe ɓangarorin biyu, har wurin ya ɗan yi kauri fiye da yadda yake a da. Daga nan sai tsirowar ta tsaya, jiki ya shiga rage kaurin a hankali. Haka abin yake ga wanda lauje ya yanka a gona a Maiyama: fata na tsirowa daga gefe da gefe, da zarar ta haɗu sai ta dakata.

Kowa ya saba ganin wannan, amma ba kasafai ake tambayar abin da ya umarci ƙashin da fatar su tsaya ba. Masana kimiyya sun shafe shekaru masu yawa suna bin wannan tambaya, domin ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, girma ne da ya ƙi tsayawa. Sun samo babban ɓangare na amsar ta hanyar kwatanta lafiyayyun ƙwayoyin halitta da waɗanda bairos ya sauya, tare da gwada sinadaran da aka tatso daga jikinsu. Abin da suka gano ya shafi allurar rigakafin da ake yi wa 'yan mata a Kebbi, da gyaɗar da ke cikin rumbu, da kuma kwalbar tsimin da ake talla a kasuwa.

Mece ce ƙwayar halitta?

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abu mai rai a jiki, kuma ido ba ya ganin ta sai da madubin ƙara girma. Jikin baligi na ɗauke da kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu. Kowace tana da fatar da ta lulluɓe ta, a tsakiyar mafi yawan nau'o'insu kuma akwai kundin gado da ake kira DNA, inda aka ajiye umarnin duk abin da za ta yi.

Jiki na girma ne ta hanyar rabuwa. Ƙwaya ɗaya takan kwafi kundinta, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu. An ƙiyasta cewa jiki na sauya kimanin ƙwayoyi biliyan 330 a kowace rana, mafi yawansu na jini da na bangon hanji. Aiki mai yawa haka ba ya tafiya sai da tsari biyu, wanda ke cewa a tafi da wanda ke cewa a tsaya, kamar totur da birki a mota. Idan totur ya maƙale ko birki ya tsinke, sakamakon ɗaya ne.

Yadda aka fara renon ƙwayoyi a faranti

Ba a iya kallon wannan tsari a cikin jikin mutum mai rai, don haka sai da aka koyi renon ƙwayoyin halitta a waje. A 1907 Ross Harrison, wani masani a Amurka, ya raya ɗan yankin jijiyar kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki, ya ga yana tsiro. Daga baya aka ƙware wajen zuba ƙwayoyi a farantin gilashi ko na roba, a rufe su da ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri da ruwan jinin ɗan maraƙi, a ajiye su a ɗumin da ya yi daidai da na jiki.

A 1951 aka ɗebi ƙwayoyi daga sankarar bakin mahaifar wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyin, waɗanda aka raɗa wa suna HeLa, suna nan suna rabuwa a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya har yau. Shekara goma bayan haka Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan Adam ba sa yin haka. Sukan rabu kimanin sau 50, sannan su tsufa su daina. Bambancin farko ke nan da aka gani ƙarara tsakanin mai lafiya da mai sankara.

Mai jin magana da mai kunnen ƙashi

Bambanci na biyu ya shafi cunkoso. A farkon shekarun 1950 Michael Abercrombie da Joan Heaysman a Landan sun lura cewa idan lafiyayyar ƙwaya tana rarrafe a kan faranti ta ci karo da 'yar'uwarta, ba ta hawa kanta, sai ta tsaya ko ta sauya hanya. Aka kuma gano cewa rabuwar ma tana tsayawa. Ƙwayoyin sukan cika faranti su yi shimfiɗa ɗaya tak kamar tabarma, sai su dakata, alhali suna raye lafiya lau. Idan aka sa tsinke aka karce tsakiyar shimfiɗar, waɗanda ke bakin karcen kaɗai ke komawa rabuwa, har su cike gurbin su sake tsayawa. Warkewar rauni ke nan a cikin faranti.

A 1963 George Todaro da Howard Green a New York suka samar da wani jinsin ƙwayoyin ɓera mai suna 3T3, wanda ya yi fice wajen kiyaye wannan doka. Shi ya zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Tun kafin nan an san cewa bairos na iya haddasa ƙari. A 1911 Peyton Rous ya niƙa ƙarin da ya fito wa wata kaza, ya tace ruwan ta matacin da ƙwayar halitta ba ta iya wucewa, ya yi wa wasu kaji allurarsa, su ma ƙarin ya fito musu. Masana sun daɗe ba su ba aikin muhimmanci ba, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel. A 1958 Howard Temin da Harry Rubin suka zuba wannan bairos a kan shimfiɗar ƙwayoyin kaza a faranti, suka ga duk inda ya shiga ƙwayoyin wurin sun sauya siffa, sun hau kan juna sun yi tsibi. Irin haka aka gani da wani bairos na birai mai suna SV40, wanda aka gano a 1960, lokacin da aka sa shi a kan 3T3.

Irin waɗannan ake kira sauyayyun ƙwayoyi. Ba sa tsayawa idan faranti ya cika, abinci kaɗan ya ishe su, suna iya girma ba tare da sun manne da komai ba, kuma da yawansu kan zama ƙari idan aka dasa su a jikin dabba. Masana sun samu abin da suke nema: ƙwayoyi biyu 'yan asali ɗaya, ɗaya mai jin magana ɗaya mai kunnen ƙashi, kuma bairos ne kaɗai ya raba su.

Farautar sinadarin da ke cewa a tsaya

Nan aka yi saɓani. Wasu masana suka ce babu wani umarni, abinci ne kawai ke ƙarewa, kamar yadda irin albasa ke tsumburewa idan ya yi yawa a fangali ba a cire shi an dasa ba. Wasu suka ce akwai saƙo na musamman da ƙwaya ke aika wa maƙwabciyarta. Hanyar raba gardamar ita ce a tatso abin da ke jikin ƙwayoyin da suka tsaya, a zuba wa waɗanda ke cikin rabuwa, a ga ko za su tsaya.

A farkon shekarun 1960 William Bullough da Edna Laurence a Landan suka nuna cewa ruwan da aka tatso daga fata yana rage rabuwar ƙwayoyin fata. Suka ce kowace gaɓa na da nata sinadarin da ke iyakance girmanta, suka kira shi chalone, daga wata kalmar Girkanci mai nufin sassautawa. Bayanin ya yi ma'ana: idan an yanki fata, sinadarin ya ragu a wurin, sai tsiro ya fara, idan ta cike ya koma yadda yake, sai tsiron ya tsaya. Matsalar ita ce an kasa tace sinadarin shi kaɗai. Ruwan da aka tatso daga nama na ɗauke da dubban abubuwa, kuma da yawa cikinsu guba ne ga ƙwaya. Ra'ayin ya yi sanyi na tsawon shekaru.

Wannan tuntuɓe ya koya wa masana sharuɗɗan da har yau ake aiki da su. Ba duk abin da ya hana ƙwaya rabuwa ne birki ba. Birki na gaskiya yana tsayarwa ba tare da ya kashe ba, idan an wanke shi ƙwayar na komawa aikinta, ɗan kaɗan ne ke yin tasiri, kuma ba kowace irin ƙwaya yake kamawa ba.

A 1977 Brock Whittenberger da Luis Glaser a birnin St. Louis na Amurka suka yi gwajin da ya bi waɗannan sharuɗɗa. Sun ware fatar da ke lulluɓe ƙwayoyin 3T3, suka zuba ɓarɓashinta a kan wasu 3T3 da ke warwatse a faranti, masu isasshen fili da abinci. Ƙwayoyin suka rage kwafar kundinsu kamar an kewaye su da maƙwabta. Da aka cire ɓarɓashin suka ci gaba da rabuwa. Da aka zuba shi a kan 3T3 da SV40 ya sauya, ko gezau ba su yi ba. Gwajin ya nuna cewa a jikin fatar ƙwaya akwai saƙon tsayawa, kuma sauyayyar ƙwaya ta daina jin sa.

A daidai wannan lokaci Robert Holley, wanda ya ci kyautar Nobel a 1968 kan wani aiki dabam, ya bi ta wata hanyar. Ya lura cewa ƙwayoyin ƙodar wani birin Afirka, idan sun cunkushe, suna sakin wani furotin a cikin ruwan da suke ciki, wanda ke hana su rabuwa. Ya tace shi a 1980, a 1984 kuma aka gano cewa ɗan gidan wani sinadari ne da ake kira TGF-beta. A yau an san cewa wannan sinadari na cikin manyan masu tsayar da rabuwar ƙwayoyin fata da na bangon gaɓoɓi, kuma nau'o'in sankara da yawa sun daina amsa masa. An kuma nuna cewa ƙwayoyin fatar da SV40 ko bairos ɗin HPV ya sauya ba sa jin umarninsa.

Ra'ayin Bullough ma ya sake ɗagowa. A 1997 aka gano wani furotin mai suna myostatin, wanda tsoka ke fitarwa domin iyakance girman kanta. Akwai wani jinsin shanu a Beljiyam da suka gaji naƙasa a wannan furotin, shi ya sa tsokarsu ke yin kauri fiye da ƙima.

Ƙarshen gardamar shi ne kowane ɓangare na da rabonsa na gaskiya. Ƙarancin abinci na taka rawa, saƙon maƙwabta ma haka.

Masu gadi biyu a cikin ƙwaya

Saura tambaya ɗaya: me bairos ke taɓawa a ciki har ƙwaya ta kurmance? A 1969 Henry Harris na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka haɗe ƙwayar sankara da lafiyayya suka zama ɗaya, sai haɗin ya daina yin ƙari. Ma'ana, lafiyayyar na ɗauke da wani abu da mai sankarar ta rasa.

A 1979 David Lane da Lionel Crawford a Birtaniya, da Arnold Levine da Daniel Linzer a Amurka, suka ga wani furotin na ƙwayar halitta manne da furotin ɗin SV40. Aka sa masa suna p53. An yi shekara goma ana zaton totur ne, sai a 1989 aka tabbatar cewa birki ne. Aikinsa shi ne ya tsayar da rabuwa idan kundin gado ya samu lahani har a gyara, idan gyara ya gagara kuma ya sa ƙwayar ta kashe kanta. Kimanin rabin dukkan sankarar ɗan Adam na ɗauke da p53 da ya lalace.

Mai gadi na biyu shi ne Rb, wanda aka gano ta hanyar nazarin sankarar ido ta ƙananan yara, aka kuma ware shi a 1986. Shi ke tsare ƙofar da ƙwaya ke bi kafin ta fara kwafar kundinta, kuma saƙonnin tsayawa da ke zuwa daga waje, irin na TGF-beta, ta wurinsa suke aiki. Furotin ɗin SV40 yana kama p53 da Rb duka biyu ya ɗaure su. Bairos ba ya yin haka da nufin haddasa sankara. Yana buƙatar ƙwayar ta ci gaba da aikin kwafi ne domin shi ma a kwafe shi, sankara kuma ta biyo baya a wasu lokuta.

Bairos uku da suka fi shafar mu

An ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na sankarar duniya a 2018 ƙwayoyin cuta ne suka haddasa ta. A Afirka kudu da Sahara rabon ya kai kusan kashi 30.

Na farko shi ne HPV, mai haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa. Harald zur Hausen na Jamus da ɗalibansa sun gano nau'i na 16 a 1983 da na 18 a 1984, kuma waɗannan biyun ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na cutar. Ya samu kyautar Nobel a 2008. Dabarar HPV irin ta SV40 ce: yana da furotin mai suna E6 da ke sa a rushe p53, da E7 da ke ɗaure Rb. Ƙwayoyin HeLa ma nau'i na 18 aka samu a cikinsu. Bairos ɗin na yaɗuwa ta hanyar saduwa, kuma ya yawaita ƙwarai, har matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Mafi yawan masu ɗauke da shi jikinsu na kawar da shi cikin shekara biyu. A jikin 'yan kaɗan yakan zauna, sai bayan shekara 15 zuwa 20 sankara ta bayyana. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu.

Na biyu shi ne bairos ɗin ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da shi. Yana bi ta jini, daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, ta saduwa, da ta aska ko reza ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita, abin da ya shafi aski da kaciya da ƙaho da tsaga. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma cutar na zama a jikinsa har girma. Shekara da shekaru hanta na lalacewa tana sake tsiro, kuma kowane kwafi dama ce ta yin kuskure.

A nan ne manomi ya shigo. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi funfuna mai fitar da gubar aflatoksin. A 1991 aka gano cewa sankarar hanta a yankunan da wannan guba ta yawaita na ɗauke da lahani a wuri ɗaya tak na p53. Idan bairos ɗin hanta da aflatoksin suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin na ninkuwa sau da yawa fiye da na kowannensu shi kaɗai. Don haka busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a rumbu ko buhu, da tsince ƙwayoyin da suka sauya launi a zubar, aikin lafiya ne.

Na uku shi ne bairos ɗin Epstein-Barr. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos a cikin ƙwayoyin ƙarin, shi ne bairos na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Najeriya na da hannu a wannan tarihi. A 1963 aka raya ƙwayoyin irin wannan ƙari daga wani yaro ɗan shekara 11 a Ibadan, kuma har yau ana aiki da su a duniya da sunan Raji. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya na ɗauke da wannan bairos ba tare da matsala ba, amma inda zazzaɓin cizon sauro ke yawan kama yara, haɗarin ƙarin ya fi yawa. Yana girma da sauri ƙwarai, sai dai yana cikin masu jin magani idan an kai yaro asibiti da wuri.

Albasa a ɗakin gwaji, tsimi a kasuwa

Albasar da ake lodi daga Aliero tana da wani aiki da ba kowa ya sani ba. Idan aka ɗora ta a bakin kwalbar ruwa, saiwarta na tsirowa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ƙwayoyin da ke bakin saiwar manya ne, ana ganin rabuwarsu sarai a madubi. Tun 1938, lokacin da Albert Levan na Suwidin ya gwada sinadarin kolcisin a kanta, saiwar albasa ta zama ma'auni mai araha na gano ko wani ruwa na hana rabuwa. Gwaji ne da ɗalibi zai iya yi a jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko a kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega.

Abin lura shi ne iyakar abin da irin wannan gwaji ke faɗa. Idan tsimin wani ganye ya hana saiwar albasa tsiro, ko ya kashe ƙwayoyin sankara a faranti, bai zama maganin sankara ba tukuna. Ruwan omo ma zai yi hakan. Tambayoyin da masana suka koya daga tarihin chalone su ne za a yi masa. Shin ya bambanta lafiyayyar ƙwaya da mai sankara? Wane sinadari ne a cikinsa ke aikin, kuma nawa ne adadinsa? Idan mutum ya sha, zai kai ga ƙarin da ƙarfinsa bayan ya bi ta ciki da hanta? Me zai yi wa ƙoda? Albasa kanta na ɗauke da wani sinadari mai suna kwasetin da ke rage rabuwar ƙwayoyi a faranti, amma abinci ce mai amfani, ba a tabbatar tana warkar da sankara ba.

Wannan ba raina itatuwa ba ne, domin wasu manyan magungunan sankara daga tsirrai suka fito. Binkiristin, wanda ake ba yara masu ƙarin Burkitt da sankarar jini, daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi, aka amince da shi a 1963. Taxol daga ɓawon wata bishiya ta Amurka ya fito: an ɗebi ɓawon a 1962, an gano siffar sinadarin a 1971, ba a amince da shi ba sai 1992. Cibiyar binciken sankara ta Amurka ta gwada fiye da tsime-tsime 100,000 na tsirrai tsakanin 1960 da farkon shekarun 1980, 'yan ƙalilan ne suka kai ga marasa lafiya. Ko a cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kimanin ɗaya cikin goma ne ke samun amincewa.

Saboda haka wanda ya ji ana shelar maganin daji ta lasifika a kasuwar Jega ko wata kasuwa, ya san cewa hasarar kuɗi ce ƙarama a ciki. Babbar hasara ita ce watannin da za a ɓata ana sha, ƙari na girma, har a isa asibiti lokacin da ya riga ya bazu.

Abin da ke hannun jama'a

Gyara birkin da ya riga ya tsinke aiki ne mai wuya da tsada. Hana bairos shiga ya fi sauƙi, kuma kayan aikin suna nan.

A ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta, da burin kai wa ga 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14. Kebbi na cikin rukunin farko na jihohin da aka fara da su, sauran suka biyo baya a 2024. Allura ɗaya ake yi. Babu bairos mai rai a cikinta, kwaikwayon ɓawonsa ne kawai, wanda ke koya wa jiki ya gane shi tun kafin ya zo. An fara amfani da ita a duniya tun 2006, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Wani nazari da aka yi a Suwidin kan mata kusan miliyan 1.7, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna raguwar cutar da kashi 88 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa kafin su kai shekara 17. Jihar ta kuma samu masu fafutuka a wannan fage, irin su Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamna, wadda ta kafa gidauniyar yaƙi da sankara ta Medicaid.

Rigakafin ba ya kawar da bairos ɗin da ya riga ya shiga, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar mata daga shekara 30 su riƙa yin gwajin bakin mahaifa, masu ɗauke da HIV kuma daga shekara 25. Sauyin da ke zuwa kafin sankara ana iya gano shi a magance shi cikin sauƙi.

Rigakafin ciwon hanta nau'in B yana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004. Ta farko ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Inda aka haihu a gida, kai jariri asibiti a ranar ya fi jiran bayan suna. Manya na iya yin gwajin jini su san matsayinsu, wanda ba ya ɗauke da cutar kuma a yi masa allurar.

Alamomin da bai kamata a zauna da su ba sun haɗa da zubar jini bayan saduwa ko bayan daina al'ada, ƙullutu a nono ko wuya, kumburin muƙamuƙi ko ciki ga yaro, ciwon da ya ƙi warkewa, da rama ba dalili. Haka nan ƙashin da ya karye ba tare da wani bugu mai ƙarfi ba, ko kumburin ƙashi da ke ƙaruwa maimakon ya sauka, yana buƙatar hoton asibiti kafin a yi maganar ɗori. Babban asibiti mafi kusa, a Jega ko Aliero ko Maiyama, shi ne matakin farko, daga nan a tura mutum Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato idan akwai buƙata.